Wa Ke Tuhumar Janar? Sharhi Kan Ɗa'a da Hamayyar Manyan Hafsoshin Soja, Daga Mahangar Batsari da Safana

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin mutanen ƙauyukan Batsari da Safana duk lokacin da ɓarayin daji suka shigo suka fita: an kira jami'an tsaro, sun ce ba a ba su umarni ba. Wani lokaci maganar gaskiya ce, wani lokaci akwai ƙari irin na wanda aka ƙona wa rumbu, amma ta yi yawan da har ta haifi fassarori iri-iri. Wasu sun ce tsoro ne kawai. Wasu sun ce manya ne ke cin abinci da rikicin, shi ya sa ba sa so ya ƙare. Wasu kuma, musamman tun da aka fara jin labaran tsare hafsoshi da gurfanar da janarori, suna cewa kan sojojin ne ba a haɗe yake ba, kowa yana haƙa wa ɗan'uwansa rami.

Waɗannan zarge-zarge ba abu ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su ne ke sa a kasa gane inda matsalar take. Abin da bayanan da ke fili suke nunawa shi ne rundunar soja tana hukunta manyanta, har da masu muƙamin Manjo Janar. Sai dai laifin da ake hukuntawa a bainar jama'a kusan kullum laifi ne da aka yi wa rundunar kanta. Laifin da aka yi wa mutumin ƙauye, na jinkiri ko sakaci ko kuskuren jefa bam, da wuya a ji sunan wanda ya ɗauki alhakinsa.

Ma'anar wasu kalmomi

Ɗa'a a gidan soja ta wuce ladabi da gaisuwa. Ana nufin biyayya ga halattaccen umarnin na sama da kiyaye ƙa'idojin aiki, kuma akwai doka a kanta: Dokar Rundunonin Soja, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 105 ta 1993, aka shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004. Ita ta lissafa laifuffuka irin su bore, gudu daga fagen daga, ƙin bin umarni, barin bakin aiki ba izini, da ɓarnatar da dukiyar gwamnati. Bore na iya kai mutum ga hukuncin kisa.

Hafsa shi ne sojan da shugaban ƙasa ya ba takardar ikon jagoranci, daga Laftanar zuwa Kyaftin, Manjo, Laftanar Kanar, Kanar, sannan janarori. Kurata su ne ƙananan sojoji irin su farabiti da kofur da saje. A wannan sharhi, manyan hafsoshi su ne masu riƙe da bataliya zuwa sama. Bataliya ƙungiya ce ta sojoji ɗaruruwa, birged tana haɗa bataliyoyi, babbar runduna kuma tana haɗa birged-birged.

Kwas kuwa rukunin ɗaliban da suka shiga makarantar horon hafsoshi ta NDA da ke Kaduna tare ne. Lambar kwas ita ke nuna wa ya girmi wa, kuma tana bin hafsa har ranar da zai tuɓe kaki.

Kotun soja ba zaunanniyar kotu ba ce. Kwamanda mai iko ne ke kafa ta don wata shari'a, ya zaɓo shugaba da mambobi daga cikin hafsoshi, a haɗa su da lauya mai ba su shawara kan doka. Hukuncinta ba ya aiki sai hukumar da ke sama ta tabbatar, wadda ga manyan hafsoshi ita ce Majalisar Sojin Ƙasa, kuma wanda bai gamsu ba yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ƙa'ida ta hana ƙarami ya yi wa babba shari'a. Wannan ƙa'ida tana da kyau, amma tana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba: in wanda ake tuhuma Manjo Janar ne, waɗanda suka isa su zauna a kansa 'yan kaɗan ne, kuma dukkansu ko dai abokan tasowarsa ne ko abokan takararsa.

Ba da ba'asi shi ne mai riƙe da amana ya fito ya yi bayanin abin da ya yi da ita, ya kuma ɗauki sakamako in ya gaza. Ɗa'a sama take kallo, wato wurin mai ba da umarni. Ba'asi kuwa jama'ar da aka ɗauki sojan domin ta kare ake bai wa. Runduna tana iya cika da ɗa'a ba tare da ta taɓa ba wa kowa ba'asi ba.

Wa ke ba da umarni a bakin dajin Rugu?

Sojan ƙasa da ke sintiri a Batsari ko Safana yana ƙarƙashin Birged ta 17 da ke Katsina, ita kuma tana ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato, wadda ke kula da Sakkwato da Kabi da Zamfara da Katsina. A kan wannan tsari aka riƙa ɗora rundunonin haɗin gwiwa masu sunaye na Hausa: Sharan Daji, sai Hadarin Daji a 2019, sai Fansan Yamma a 2024. A tsakani, cikin Yulin 2020, rundunar sojin ƙasa ta ƙaddamar da nata farmakin na musamman daga babban sansanin Faskari.

Jirgin yaƙi ba na wannan kwamanda ba ne, na sojin sama ne, masu nasu shugaban. 'Yan sanda suna karɓar umarni daga Sufeto Janar. Jami'an farin kaya suna da tasu hanyar kai rahoto. Askarawan da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 na jiha ne. Gwamna kuwa, duk da ana kiransa shugaban tsaro na jiha, ba shi da ikon tura ko kurtu ɗaya zuwa Ruma ko Runka. Roƙo yake yi, ya sayi motoci, ya biya alawus.

Saboda haka in mai gari ya buga waya da tsakar dare, Kyaftin ɗin da ya ɗauka yana da lissafin da zai yi. Sojoji nawa ne a hannunsa? In ya fita, wa zai tsare sansanin? Kiran gaskiya ne ko tarko? Kwanton ɓauna abu ne da ya sha faruwa a wannan yanki: a Yulin 2020 an kashe sojoji da dama a wani kwanto a ƙaramar hukumar Jibiya, kuma ranar 5 ga Yulin 2022 aka kashe kwamandan 'yan sanda na shiyyar Dutsinma, Aminu Umar, a dajin Zakka da ke Safana, ranar da aka buɗe wa ayarin share fage na Shugaba Buhari wuta kusa da Dutsinma. Hafsan da ya fita ba izini ya rasa mutane da mota, kotun soja na jiransa. Wanda ya zauna yana jiran izini har gari ya waye, a bisa takarda bai karya doka ba. Tsarin da kansa yana koya wa ƙaramin kwamanda cewa jira ya fi aminci ga aikinsa.

A nan maganar ta koma kan manya. Su ne ke yanke yawan sojojin da za a ajiye a wuri, da girman ikon da za a sakar wa na ƙasa, da lokacin da za a tashi sansani. Lokacin da aka janye sojoji daga Shimfiɗa a Maris na 2022, mutanen garin ba su tsaya ba, sun biyo sahu zuwa Jibiya da 'ya'yansu da ƙullin kayansu. Shawarar janyewar ba ta saje ba ce.

Inda hamayyar take samo asali

Muƙaman soja suna ƙanƙancewa yayin da ake hawa. Ɗaruruwa ke shiga, kujerar shugaban rundunar guda ɗaya ce. Ƙarin girma yana bin jarrabawa, da rahoton da na sama ya rubuta a kan mutum, da gurbin da ya samu, da kuma rabon muƙamai tsakanin jihohi. Wanda ya kasa tsallakewa bayan 'yan damammakin da aka ba shi, sai ritaya. Ga kuma iyakar shekara 35 a bakin aiki. Don haka hafsan da aka tsallake a yau ba lallai ya sake samun gobe ba, kuma alƙalamin mutum ɗaya yana iya gama da shi.

Sai al'adar da ta fi kowace zafi: in shugaban ƙasa ya naɗa shugaban runduna daga wani kwas, yawancin waɗanda suka girme shi sai su tafi gida, tunda babba ba ya sara wa ƙaninsa. Haka aka yi a 2021, lokacin da aka naɗa Faruk Yahaya ɗan kwas na 37 bayan rasuwar Ibrahim Attahiru a haɗarin jirgi a Kaduna, aka sake yi a 2023, janarori da dama suka tafi a lokaci ɗaya. Kafin wannan kuma an ga kishiyar hakan. Tukur Buratai ya riƙe rundunar daga Yulin 2015 zuwa Janairun 2021, ana ta tsawaita wa'adin shugabannin tsaro, na bayansu suna cika shekaru suna fita ba su kai ko'ina ba. Ko wanne aka yi, akwai masu jin an zalunce su.

Bakatsine ba ya buƙatar a tafi da shi nesa don ya ga tarihin wannan abu. Cikin ƙorafe-ƙorafen da suka kewaye yunƙurin juyin mulkin Dimka na 13 ga Fabrairun 1976, wanda ya ci ran Murtala Muhammad, akwai batun ƙarin girma da tsallake manya. Bayan yunƙurin aka ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, ya zama na biyu a gwamnati, sama da waɗanda suka girme shi. Shi ɗin ne kuma kotun soja ta ɗaure a 1995 bisa zargin juyin mulkin da mutane da yawa ba su taɓa yarda an shirya ba, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Muhammadu Buhari na Daura, shugaban sojin ƙasarsa, Babangida, ne ya kifar da shi a Agustan 1985, kuma ba a cika shekara ba aka harbe Mamman Vatsa, aminin Babangida tun ƙuruciya. Wannan tarihi ya bar gado mai nauyi: duk lokacin da aka gurfanar da babban hafsa, tambayar farko da ake yi a bariki ita ce wa ya taka, kafin a tambayi me ya yi.

Hamayyar ba ta tsaya cikin kaki ba. A Fabrairun 2020 wata takarda ta fito fili inda mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Manjo Janar Babagana Monguno mai ritaya, yake zargin shugaban ma'aikatan fadar, Abba Kyari, da yin taro da shugabannin rundunoni a bayan idonsa. A cikin watan ne, ranar 14, aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar na ƙasar Batsari. Ba wanda zai ce takardar ce ta jawo harin. Amma mai karatu yana da damar lura da abin da ke gaban manya a Abuja a makon da ake jana'iza a ƙasar Batsari.

Shari'ar da ta fi kusa da mu

Shari'ar babban hafsa da ta fi shafar wannan yanki kai tsaye ita ce ta Manjo Janar Hakeem Otiki, wanda ya shugabanci Runduna ta 8, wato kwamandan da yaƙi da 'yan bindiga a Katsina da Zamfara yake hannunsa. A Yulin 2019 sojoji biyar da aka sa rakiyar maƙudan kuɗi daga Sakkwato suka gudu da su. Jaridu sun ambaci naira miliyan 400. Aka kafa kotun soja ƙarƙashin Laftanar Janar Lamidi Adeosun. Ɓangaren Otiki ya nemi shugaban kotun ya janye, yana zargin akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu, ba a amince ba. A Yunin 2020 kotun ta same shi da laifi, ciki har da saɓa umarni da karkatar da kuɗin aiki, ta yanke masa kora.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, an hukunta janar mai ci, abin da mutane da yawa ke cewa ba ya yiwuwa. Na biyu, ba wani mai binciken kuɗi ne ya bankaɗo lamarin ba. Da kuratan ba su gudu da jakunkunan ba, da wuya a ji komai. Kuɗin yaƙi da ake ɗauka tsaba a mota daga jiha zuwa jiha yana nuna yadda ake sarrafa abin da aka ware don abinci da mai da alawus na sojan da ke kwana a bakin daji.

Sauran shari'o'in da aka sani daga arewa maso gabas suka zo, amma darasinsu ya shafi kowa. A Mayun 2014 sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmadu Muhammad, wuta a barikin Maimalari na Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu. An yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, sannan wasu 54 a Disamba bisa ƙin fita yaƙi. Hujjarsu ita ce ba a ba su makaman kirki ba. A ƙarshen 2015, bayan binciken kuɗin makamai ya fara tona asiri, aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Shi kwamandan, wanda aka cire bayan boren, an mayar da shi bakin aiki a farkon 2016. Birgediya Enitan Ransome-Kuti, wanda Baga ta faɗi a hannunsa a Janairun 2015, an yanke masa kora da ɗaurin wata shida, daga baya aka mayar da hukuncin zuwa rage girma. Manjo Janar Olusegun Adeniyi kuwa bidiyonsa ne ya fita a Maris na 2020 yana bayanin ƙarancin kayan aiki da munin bayanan sirri a fagen daga. An cire shi, an gurfanar da shi kan dokar amfani da kafafen sada zumunta, aka zabtare masa shekara uku na fifiko. Ba a ji wanda aka gurfanar kan abin da ya faɗa ba.

A Yunin 2016 kuma aka yi wa manyan hafsoshi 38 ritayar dole bisa zargin shiga siyasa da almundahana. Da yawansu sun ce ba a taɓa kiransu gaban wani kwamiti ba. Wasu sun je Kotun Ma'aikata sun yi nasara. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai yiwuwa a cikinsu akwai masu laifi, amma korar da ba ta bi hanya ba ta wanke mai laifi da marar laifi gaba ɗaya a idon abokan aikinsu.

Sai kuma na Oktoban 2025, lokacin da Hedikwatar Tsaro ta ce ta tsare hafsoshi 16 saboda rashin ɗa'a, ta danganta ƙorafinsu da tsayawar ƙarin girma da faɗuwa jarrabawa. Ta musanta batun juyin mulki a lokacin, sannan a Janairun 2026 ta ce wasunsu za su fuskanci shari'a bisa zargin shirin kifar da gwamnati.

Laifin da ba a cika jin hukuncinsa ba

A ɗora wannan jeri kusa da wani. Ranar 18 ga Afrilun 2020 aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsinma da Safana. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa yana Daura. Da aka sako su, gwamnatin Katsina da ta Zamfara da sojoji kowa ya ba da nasa labarin yadda aka yi. Majalisar Dattawa ta nemi shugabannin tsaro su sauka tun Yulin 2020. Da suka sauka a Janairun 2021, makonni kaɗan aka miƙa sunayensu a matsayin jakadu.

A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi. Sojin sama suka yi maza suka ce ba su ba ne. Shugaban sojin ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya ba da haƙuri, abin da ya cancanci a yaba, kuma a Mayun 2024 aka ce hafsoshi biyu za su gurfana. Rahoton binciken bai zo hannun jama'a ba. A Fabrairun 2025 abin ya iso Safana, inda aka ba da rahoton mutuwar fararen hula a yankin Zakka sakamakon harin jirgin sama da aka kai wa 'yan bindiga, aka kuma yi alkawarin bincike. Kafin duk wannan akwai kisan da sojoji suka yi a Zariya a Disambar 2015, inda kwamitin shari'a na gwamnatin Kaduna ya ƙidaya gawa 347 a kabari ɗaya ya kuma ba da shawarar gurfanarwa.

Ba a cewa ba a taɓa ɗaukar mataki ba. Sau da yawa ana cire kwamanda bayan babban hari, a tura shi wani ofis. Amma canjin wurin aiki ba hukunci ba ne, kuma tunda ba a faɗin dalili, wanda aka cire saboda sakaci da wanda aka cire saboda ya faɗa wa ubangidansa gaskiya kamarsu ɗaya daga waje.

Ra'ayoyi mabambanta

Hukumomin soja suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa rundunar tana aiki a kusan kowace jiha, aikin da rabinsa na 'yan sanda ne. Suna cewa fallasa rahoton bincike yana tona dabarun yaƙi, yana kashe gwiwar na fagen daga, yana kuma ba abokan gaba abin farfaganda. Sukan ƙara da cewa infoma a cikin gari yake, shi ke sanar da ɓarayi fitar kowace mota.

Mutanen yankin da wasu shugabanni suna ganin abin ya wuce gajiya. Sheikh Ahmad Gumi ya yi zargin haɗin baki a 2021, rundunar ta ƙaryata. Gwamna Raɗɗa ya ce a 2024 ta'addancin ya zama kasuwanci ga wasu jami'an gwamnati da na tsaro, Hedikwatar Tsaro ta nemi a kawo hujja. Gaskiya ne an kama ƙananan sojoji da laifin sayar da harsasai a wurare daban-daban. Amma tsallakawa daga nan zuwa cewa janarori ne ke riƙe da ɓarayin daji magana ce da ba a kafa mata hujja a gaban kowace kotu ba, kuma yaɗa ta ba hujja zalunci ne ga dubban da ke mutuwa a wannan aiki.

Ra'ayi na uku, wanda ya fi dacewa da abin da ke fili, shi ne ba a buƙatar haɗin baki kafin tsari ya lalace. Ya isa a ce kwamanda ya san makomarsa tana hannun na sama da shi da 'yan siyasa, ba ta da alaƙa da yawan ƙauyukan da aka tasa a yankinsa. Irin wannan kwamanda zai ƙawata rahoto, ya ɓoye asarar da ya yi, ya riƙe bayanan sirri don kada wata hukuma ta ci yabon.

Batun sulhu ya ƙara dagula lissafi. Tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sau biyu, daga baya ya ce an ci amanarsa. A Janairun 2025 aka sanar da cewa 'yan bindiga Abu Radde da Umar Black sun ajiye makamai a Batsari, daga nan zaman sulhu ya bazu zuwa Jibiya da Safana da Ɗanmusa, inda aka ga Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka taɓa sa tukuici a kansa. A hukumance sojoji ba sa sulhu da 'yan bindiga. Gwamnatin jiha ta ce al'umma ce ke yi. To hafsan da ke wurin fa, in ya ga wanda ake nema ya shigo kasuwa da bindiga, kama shi zai yi ko ya kau da kai? In sulhun ya watse, wa ya ba da umarnin da ya bi? Umarnin da ba a rubuta ba, ƙarami ne ke ɗaukar nauyinsa ranar da ya ɓaci.

Abin da ka iya biyo baya

Illa ta farko tana kan kurata. Sojan da ya ga ana ɗaure irinsa kan harsashi, babba kuma ana yi masa canjin ofis kan miliyoyi, biyayyarsa ta zama ta dole. Ta biyu tana kan jama'a: wanda bai yarda da sansanin da ke kusa da shi ba zai daina kai rahoto, ya koma ga 'yan sa-kai ko ya biya ɓarayi kuɗin noma. Duka biyun an gani a yammacin Katsina.

Ta uku maƙwabta sun nuna ta. A Nijar, bayan kisan sojoji 71 a Inates da 89 a Shinagodar, Shugaba Mahamadou Issoufou ya sauke shugaban rundunonin ƙasar a Janairun 2020, wani bincike kuma ya gano ɓatan biliyoyin sefa a kwangilolin makamai. Wanda ya gaje kujerar, Janar Salifou Modi, an sauke shi a 2023 aka ba shi jakada. Watanni kaɗan bayan haka ya bayyana a matsayin na biyu ga Janar Abdourahamane Tiani, wanda aka ce shi ma ana shirin sauke shi, a juyin mulkin 26 ga Yuli. Rikicin kujera tsakanin manya ya rufe iyakar Jibiya da Maraɗi tsawon watanni, ya raunana sintirin haɗin gwiwa a dazukan da ɓarayi ke tsallakawa.

Ƙofofin da doka ta buɗe

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar runduna mai sabon suna. Tsarin mulki ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike, kuma duka zaurukan biyu suna da kwamitocin soja da na tsaro da na koke-koken jama'a. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Rundunar sojin ƙasa kanta ta buɗe ofishin karɓar ƙorafin take haƙƙi tun 2016. Dokar soja ta ba hafsan da ya ga an zalunce shi hanyar kai kuka har gaban shugaban ƙasa, ko da yake hanyar tana bi ta teburin wanda ake ƙara, kuma nan ne wurin da ya fi buƙatar gyara. Ana iya buga taƙaitaccen sakamakon kowane bincike ba tare da an tona sirrin yaƙi ba: an samu sakaci ko ba a samu ba, mai wane muƙami ne, me aka yi masa, nawa aka biya iyalan mamata.

Abin da ya rage wa hakimai da malamai da ƙungiyoyin ci gaban Batsari da Safana shi ne su daina barin koke a fatar baki. A rubuta ranar harin, da ƙarfe nawa aka kira, da sansanin da aka kira, da amsar da aka samu, da lokacin da aka iso, a kuma rubuta ranar da sojoji suka zo a kan lokaci suka kori ɓarayi, domin hafsan kirki ma yana buƙatar shaida. A miƙa takardar ga kwamandan birged, a ba ɗan majalisar tarayya da sanata kwafi, a nemi amsa a rubuce. 'Yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki kuma su fara da abu guda: su nemi a kawo musu sakamakon binciken Zakka, su karanta wa mutanen Safana.